Ladan Kuturu: Sake Karanta Littafin Hammer Da Champy A Zamanin Wakilan Na'ura

Na fara karanta littafin Reengineering the Corporation ne lokacin da nake aikin lissafi a wani ƙaramin kamfanin sufuri a Maraɗi, inda takardar biyan kuɗin gazuwal ɗaya kan kwana uku tana yawo tsakanin tebura huɗu da ke cikin ɗaki guda. A lokacin littafin ya burge ni ƙwarai, don kamar marubutan sun leƙo biro ɗinmu ne suka rubuta shi. Kwanan nan na sake ɗauko shi saboda maganar da ta cika duniya ta wakilan na'ura, wato manhajojin ƙirƙirarriyar basira waɗanda ake ba su manufa su tafi su aiwatar da kansu: su buɗe rumbun bayanai, su cika takarda, su aika saƙo, har su amince a biya kuɗi. A karatu na biyu na ga littafin ya fi yadda na zata gaskiya a wani wuri, ya kuma fi yadda na zata haɗari a wani wurin. Abin da nake son in warware ke nan.

Michael Hammer da James Champy ne suka rubuta shi, ya fito a Amurka a 1993. Hammer ya taɓa koyar da ilimin kwamfuta a jami'ar MIT, Champy kuma a lokacin yana shugabantar wani kamfani mai ba manyan kamfanoni shawara. Hujjarsu tana da sauƙin fahimta. Tun daga Adam Smith, wanda a 1776 ya kwatanta yadda ma'aikata goma ke ƙera allurai kusan 48,000 a rana idan kowa ya riƙe ɓangare ɗaya na aikin, kamfanoni suka ɗauki rarraba aiki gutsi-gutsi a matsayin hikima. Marubutan suka ce wannan hikima ta zama cuta a ofisoshi. Kowane sashe yana kula da nasa gutsure, babu mai kula da hanyar aikin gaba ɗayanta, daga lokacin da mai buƙata ya shigo zuwa lokacin da ya tafi da biyan buƙatarsa. Maganin da suka kawo shi ne a daina yi wa tsohuwar hanya faci, a zauna a tambaya me ya sa ma ake yin wannan aikin, sannan a sake zana shi daga tushe.

Ƙarfin littafin yana cikin labarai biyu da kowa ke tunawa. Na farko na kamfanin motoci na Ford ne. Sashensa na biyan masu kawo kaya a Arewacin Amurka yana da ma'aikata sama da 500, shugabanni suna fatan rage su zuwa 400 ta hanyar sayo kwamfutoci. Sai suka duba Mazda ta Japan, wadda Ford ke da hannun jari a cikinta a lokacin, suka tarar mutum biyar ne ke wannan aikin. Da suka bincika nasu, suka gano yawancin lokacin ma'aikatan yana tafiya ne wurin daidaita takardu uku da ba sa jituwa: takardar odar kaya, takardar karɓar kaya, da takardar neman biya daga mai kayan. Ford ta soke ta ukun. Idan kaya suka iso, mai karɓa ya duba kwamfuta, in sun dace da oda sai a biya. Ma'aikatan suka koma 125.

Na biyu na sashen ba da bashi ne na IBM. Buƙatar bashi tana bi ta matakai biyar, tana cin kusan mako guda, wani lokaci mako biyu, kuma a tsakani ba wanda zai iya gaya wa mai jira inda takardarsa take. Wasu manyan jami'ai biyu suka ɗauki takarda ɗaya da hannunsu, suka bi da ita tebur-tebur suna cewa a yi ta yanzu. Aikin duka ya ɗauki minti 90. Sauran kwanakin jira ne kawai a kan tebura. Sai aka ɗora aikin duka a kan mutum ɗaya, aka ba shi kwamfuta mai ɗauke da ilimin ƙwararrun, lokacin ya koma awa huɗu.

Duk wanda ya taɓa bin takarda a biro ya san wannan labarin a jikinsa. A bara na aika wa mahaifiyata jikka talatin ta waya, aka cire kuɗin daga wurina, ita kuma ba su je mata ba. Na yi kwana tara ina zarya. Kowace taga na je, mai zaune a wurin yana da gaskiya a kan nasa ɓangaren, kuma babu ɗaya daga cikinsu da matsalar take tasa. Wannan shi ne abin da Hammer da Champy suka gani da kyau, kuma a nawa ra'ayin shi ne mafi daraja a littafin: aikin da aka raba wa mutum goma yakan wayi gari ba shi da mai shi. Da suka ɗora wa mutum ɗaya shari'ar mai buƙata daga farko zuwa ƙarshe, sun ba da sauri, amma abin da ya fi saurin muhimmanci shi ne sun ba mai buƙata suna da fuska da zai nema idan abu ya lalace.

To, ina matsalar take? Ta farko tana cikin muryar littafin. An rubuta shi ne da harshen mai tallar magani a tasha, wanda duk wanda ya sha maganinsa ya warke. Babi-babi na ƙarshe da ke ba da labarin kamfanoni irin su Hallmark, Taco Bell da Bell Atlantic daga bakin shugabanni aka ɗauko su. Mai karatu zai ji yadda Ford ta sauko daga 500 zuwa 125, amma littafin bai tsaya ya bi sawun sauran 375 ɗin ba, bai kuma tambaye su me suka sani game da aikin wanda zanen takarda bai nuna ba. Marubutan da kansu sun yi kiyasin cewa rabi ko fiye na kamfanonin da suka gwada wannan hanya ba su sami sakamakon da suka nema ba, amma sun ajiye wannan magana can kusa da ƙarshe, kuma laifin duka suka ɗora wa masu aiwatarwa. Ba a jima ba kalmar da suka yayata ta zama wani suna na korar ma'aikata. A 1995 Thomas Davenport, wanda shi ma yana cikin waɗanda suka fara wannan tunani, ya yi rubutu yana cewa harkar ta zama yayi da ya manta da mutane, kuma Hammer ma daga baya ya amsa cewa bai ba ɓangaren ɗan Adam haƙƙinsa ba.

Matsala ta biyu ita ce ta fi damuna a yau. Littafin yana kallon bincike da sa hannu na biyu a matsayin aikin da ba ya ƙara wa mai saye komai. In yi masa adalci, bai ce a soke su duka ba. Cewa ya yi a bar wanda amfaninsa ya fi kuɗinsa, sauran kuma a tara su a duba daga baya. A lissafin kuɗi wannan daidai ne. Sai dai lissafin na kamfani ne, ba na wanda kuskuren zai faɗa wa ba. Idan kuskure ɗaya cikin dubu ba ya yi wa kamfani ciwo, wannan ɗayan mutum ne sukutum, kuma wataƙila jikka talatin ɗin da ya ɓace abincin gidansa ne na wata. Wani sa hannun jinkiri ne kawai. Wani kuma shi ne wurin da ake tsayawa a ce wannan ba daidai ba ne. Littafin bai koya wa mai karatu yadda zai bambance su ba.

Yanzu ga wakilin na'ura ya iso, kuma shi ne cikar burin littafin. Abin da aka so mutum ɗaya na IBM ya yi da taimakon kwamfuta, yanzu ana so kwamfutar ta yi ba tare da mutumin ba. Ba ta ajiye takarda a tebur ta tafi cin abinci, ba ta jiran wani sashe. Amma mai karatu ya lura da abin da ya faru: an riƙe saurin, an cire mai shi. Wato an ɗauki rabin maganin, an zubar da rabin da ya fi amfani.

An riga an ga alamar inda hakan ke kaiwa. A 2022 wani mutum a Kanada da kakarsa ta rasu ya tambayi manhajar hira ta kamfanin jiragen Air Canada game da rangwamen masu zuwa jana'iza. Manhajar ta ce masa ya sayi tikiti, ya nemi rangwamen daga baya cikin kwana 90. Ƙa'idar kamfanin ba haka take ba, don haka aka hana shi. A gaban kotun ƙananan ƙararraki ta lardin British Columbia, kamfanin ya kare kansa da cewa manhajar ita ke da alhakin abin da ta faɗa. A watan Fabrairun 2024 kotun ta yi watsi da wannan hujja, ta sa ya biya dalar Kanada ɗari takwas da 'yan kai. Kuɗin kaɗan ne, hujjar ce abin dubawa. Duk ɗan kasuwar da ke da yaron shago ya san amsarta: in yaronka ya yanke farashi da mai saye a cikin shagonka, kai ka yanke. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma wannan manhaja magana kawai ta yi. Wakilin da ake ginawa yanzu hannu gare shi a cikin asusu.

Wani zai ce ai sai a sa mutum ya riƙa dubawa. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2024, ta wajabta sa idon ɗan Adam a kan tsare-tsare masu babban haɗari. Wannan mataki ne mai kyau, amma abin da ya faru a hukumar gidan waya ta Birtaniya ya nuna iyakarsa. Tsakanin 1999 da 2015 an samu masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 da laifin sata ko maguɗin lissafi, bisa giɓin kuɗi da manhajar Horizon ta nuna, alhali manhajar ce ke da kurakurai. Wasu sun yi zaman gidan yari, wasu sun rasa dukiyarsu, sai a 2024 majalisa ta yi dokar wanke su. Horizon ba ta da wata basira, manhajar lissafi ce. Kuma mutane ba su yi ƙaranci a wurin ba: akwai masu bincike, akwai lauyoyi, akwai shugabanni. Abin da aka rasa shi ne wanda ke da iko da niyyar ya gaskata mutum a kan na'ura. Idan haka ta faru da manhajar da ke tara lamba kawai, ina ga wadda ke bayani da harshe mai daɗi, tana ba da dalili ko da ta yi kuskure?

Abin mamaki, maganin yana cikin littafin, a babin da ba a cika ambata ba. Marubutan sun lissafa mutanen da gyara ke buƙata, cikinsu har da mai hanyar aiki, wato babban jami'i guda da ake ɗora wa alhakin hanya ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Sun kawo shi ne don ya tura gyara gaba. A yau aikinsa ya fi haka nauyi. Shi ne ya kamata ya rubuta iyakar wakilin na'ura: nawa zai iya biya ba tare da izini ba, wane hukunci ne ba zai yanke shi kaɗai ba, ina ake rubuta duk abin da ya aikata don a iya bin sawu, wa ke da ikon tsayar da shi, kuma ta wace ƙofa mai ƙorafi zai isa ga mutum mai iya warware abin da na'ura ta ƙulla. Wannan shi ne shugabancin hanyar aiki, kuma littafin ya taɓo shi ne kawai ya wuce, don hankalinsa yana kan rushewa da sake gini, bai damu da wanda zai zauna a gidan bayan an gama ba.

Akwai kuma gargaɗin da Hammer ya yi tun 1990 a mujallar Harvard Business Review, wanda ya fi dacewa da yau fiye da lokacinsa: kada a ɗora kwamfuta a kan hanyar da ta lalace. Da Ford ta sa wakilin na'ura ya riƙa daidaita takardun nan uku, da ya yi shi cikin daƙiƙa, kuma da har yau ba wanda ya tambaya ko ana buƙatar ta ukun. Saurin na'ura yana ɓoye wautar tsari, domin abin da ba ya ɓata lokaci ba ya jawo tambaya.

Saboda haka ina ba da shawarar a karanta littafin, musamman masu riƙe da ofisoshi da kamfanoni da ake kawo wa tallar waɗannan manhajoji. A ɗauki tambayarsa ta me ya sa ake yin aikin, a ɗauki labarin minti 90, a ɗauki mai hanyar aiki. A yi hattara da rainin da yake yi wa bincike, da shirun da ya yi kan waɗanda gyara ya taka. Kuɗin mahaifiyata sun dawo a rana ta tara ne saboda wata ma'aikaciya ta rubuta sunanta da lambar teburinta a bayan rasit ɗina, ta ce in dawo wurinta kai tsaye. Kafin a ba wakilin na'ura mukullin asusu, ya kamata kamfani ya iya faɗar sunan da za a rubuta a bayan rasit.