Tsohon Gidan Ƙauye da Dokar Kayan Tarihi

A cikin shekarar 1956 Hukumar Kayan Tarihi ta sa gidan Madakin Bauchi na Kafin Madaki cikin gine-ginen da doka ta tsare. Ana jingina aikinsa ga Babban Gwani, maginin Masallacin Juma'a na Zariya. Lalle hukuncin ya dace, gama ya nuna gidan da ke nesa da birni ma abin alfaharin ƙasa ne. Amma dokar 1953 da aka yi aiki da ita, da ta 1979 wadda ta gaje ta, sun fi mai da hankali ga hana rushewa da ɓarnar hannu. A nan ne na ga rauninsu, domin babban maƙiyin ginin ƙasa damina ce.

Mai karatu ya shiga tsohon zaure a ƙasar Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, inda ruwa ya fi na Birnin Katsina yawa, ya ɗaga kai. Bangon tubali ne, mai kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama. Azarar ta giginya ce, wadda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ba ta iya tsallake fili mai faɗi, sai magini ya ɗaura bakan gizo, ya gicciya su, har rufin ya zama ɗaurin guga. Sa'an nan a shafe waje da makubar ɗorawa, a kafa indararo. To, duk wannan hikima a kan abu guda ta rataya, watau yaɓen da maigida kan yi kafin ruwa ya sauka. Indararo ɗaya in ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, azara ta ruɓe.

Wanda ya koma bulo da kwano ban ga laifinsa ba, kowa ya san wahalar yaɓe. Abin da ya fi tsanani shi ne ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa a wannan yanki, wanda duniya ta ji sunansa sa'ad da aka sace 'yan makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020. Gidan da aka rufe aka gudu, ba mai rushe shi, ba kuwa mai yaɓe shi, doka ba ta da wanda za ta tuhuma.

Da ni ake shawara, da an fara da tsofaffin maginan da suka yi gudun hijira zuwa gari, a auna zaurukan da suka rage tare da su, a biya su ladan koyar da yara ɗaurin guga.