Kafin Ka Yanke wa Sabon Filamenko Hukunci, Saurari Tsohon

A shekarar 2018 waƙar Malamente ta karaɗe duniya daga bakin Rosalía, wata matashiya 'yar yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya. Ni ma ta wannan ƙofa na shiga filamenko. Tafin da ke cikin waƙar, da yadda muryar ke lanƙwashewa kamar za ta karye, su suka sa na shiga neman asalin abin. Ko da na bi sawu, sai na iske gardama ta riga ni isa. Wasu na cewa ta fito da filamenko idon duniya. Wasu kuma, musamman daga cikin Gitano, na cewa kayan gidansu ta ɗiba ta kai kasuwa. Abin da na fahimta bayan doguwar sauraro shi ne, sabunta filamenko ba laifi ba ne, muddin mai sabuntawar ya zauna gaban manya ya koya, kuma ya faɗi inda ya ɗauko.

Filamenko ɗan kudancin Sifaniya ne, ƙasar Andalus. A unguwannin talakawa na Sebiya da Heres da Kadis ya tashi, kuma Gitano, wato reshen al'ummar Roma da suka isa ƙasar tun ƙarni na 15, su ne suka fi raino da riƙe shi. Ƙafafunsa uku ne: waƙa da jita da rawa, sai tafi da ke riƙe kari. Kowane zubi da dokarsa. Soleá tana tafiya a hankali kan bugu 12, bulería tana gudu kan waɗannan bugun dai, seguiriya kuwa waƙar makoki ce. Akwai martinete, waƙar maƙera, wadda ake rerawa ba jita, wani lokaci sai dukan masaba a kan uwar maƙera.

Duk mai son ya san zurfin wannan rijiya, ya fara da Pastora Pavón, wadda ake kira La Niña de los Peines. An haife ta a Sebiya a 1890, ta rasu a 1969, kuma da wuya a sami zubin da ba ta rera ba. Faya-fayanta tsofaffi ne, suna da shashshaka, amma muryar tana ratsa duk wannan ta iso ga zuciya. Daga nan a nemi soleá ta Fernanda de Utrera, muryar da za ka ji kamar kokawa take da kowace kalma kafin ta sake ta. Sai martinete na Manuel Agujetas. Wanda ya saurare shi shi kaɗai da dare zai gane dalilin da ya sa ake kiran wannan fanni waƙa mai zurfi.

Kukan cewa ana lalata filamenko ba yau aka fara shi ba. Tun a 1922 mawallafin kiɗa Manuel de Falla da sha'iri Federico García Lorca suka haɗa kai da wasu aka shirya gasar waƙa a Giranada, don tsoron kada tsohon zubi ya ɓace. A 1979 Camarón de la Isla ya fitar da La leyenda del tiempo, ya sa ganguna na zamani da jitar lantarki, har da sita ta Indiya. Masu ra'ayin riƙau suka fusata, faifan bai yi kasuwa ba a lokacin. Yau shi ake fara nuna wa baƙo. Abokin tafiyarsa Paco de Lucía, mai Entre dos aguas ta 1973, shi ya ɗauko akwatin katako da ake kaɗawa daga ƙasar Peru a ƙarshen shekarun 1970. Yanzu da yawa sun ɗauka da filamenko aka haifi akwatin. A 1988 ƙungiyar Ketama ta zauna da Toumani Diabaté, makaɗin kora na Mali, suka yi Songhai, faifan da kunnen ɗan Afirka ta Yamma zai ji kamar a gida yake. A 1996 kuma Enrique Morente ya yi Omega tare da makaɗan rok.

Abin lura shi ne, babu ɗaya cikin waɗannan da ya tsallake makaranta. Camarón ya shafe shekaru daga 1969 zuwa 1977 yana fitar da faya-fayan gargajiya tare da Paco kafin ya taɓa doka. Ita kanta Rosalía ta yi karatun filamenko a babbar makarantar kiɗa ta Basalona, kuma faifanta na farko, Los Ángeles na 2017, galibinsa tsofaffin waƙoƙi ne da jita kawai. Don haka ban yarda da masu cewa ba ta san abin da take yi ba.

Amma ƙorafin Gitano ma yana da gaskiyarsa, kuma ba na son a share shi. An daɗe ana wulaƙanta su a Sifaniya, alhali ana tallata ƙasar da waƙarsu. Hukumar UNESCO ta sa filamenko cikin gadon al'adun duniya a 2010, duk da haka yawancin masu saurare a waje ba su wuce Bamboléo ta Gipsy Kings ba, 'yan kudancin Faransa da rumba suke yi. Duk abin da aka ji da jita da tafi sai a ce filamenko ne. Nan ne nake ganin asarar take. Idan mai saurare ya tsaya a bakin ƙofa, gidajen da suka riƙe waƙar tsara bayan tsara ba sa samun suna, ba sa samun kuɗi.

Shawarata gare ka, mai karatu, ka ware mako guda. Ka fara da Pastora da Fernanda da Agujetas, ka bi ta kan Camarón da Paco da Morente, sannan ka dawo kan Rosalía da matasa irin su Israel Fernández da María Terremoto, waɗanda ke rera tsohon zubi da sabuwar murya. A lokacin ne za ka iya bambance wanda ya gina kan harsashi da wanda ya shafa fenti kawai. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a filamenko tsohuwar zumar tana nan, kunnenka kawai take jira.