Masu ƙirga dakarun jini

Daga Kongolam, bakin iyakarmu da Nijar, mutum kan yi sammako ya kama hanyar Daura don a ɗebi jininsa. Abin da ake zuƙa cikin 'yar kwalba mai murfi shunayya bai cika cokali ba, amma karatun da ma'aikaciyar ɗakin gwaji ke yi masa ya isa a sara mata.

A da, da tsagar fuska ake bambance Bagobiri da Bakatsine. To, fararen ƙwayoyin jini ma kowane jinsi da tsagarsa a jiki. A 1982 masana suka taru a birnin Faris suka soma sa wa waɗannan tsage lamba. Wadda ake kira CD4 ita ce ta ƙwayoyin da ke ba sauran dakarun jiki umarni, kuma ta nan ƙwayar cutar ƙanjamau ke kutsawa. A ɗigon jinin da bai kai ƙwayar gero ba, mai lafiya na da irinsu 500 zuwa 1,500. In suka gaza 200, garkuwa ta karye, tarin fuka da sanƙarau sun sami ƙofa.

Ana ƙirga su ne da wani sinadari mai ƙyalli da ba ya manne wa komai sai wannan tsagar, dabarar da ta samo asali daga aikin Köhler da Milstein a Ingila a 1975. Na'ura ta tura ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta gaban haske, ta lissafa masu ƙyallin.

Sai dai na'ura ba ta tambaya, kuma a nan gwanar ɗakin gwajin ke burge ni. Ta san maganin ƙanjamau na yau, haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, hana ƙwayar cutar hayayyafa yake yi, dakarun su farfaɗo, da sauri a watannin farko, daga baya a hankali. Saboda haka in ƙididdigar CD4 ta mai shan magani a kan kari ta faɗi, ba ta gaggawar cewa magani ya daina aiki. Zazzaɓi kan rage ta. Jinin da ya sha rana a mota kan ba da ƙarya. Ga kuma dexamethasone, wanda ake saye a kemis kamar alawa, wasu don ciwon gaɓɓai, wasu cikin haɗin sha-ka-fashe don ƙiba. Cikin 'yan sa'o'i yake janye waɗannan ƙwayoyin daga magudanar jini, waɗanda suka rage kuma ya kashe musu kuzari.

Na taɓa ganin wata ma'aikaciya ta ajiye takardar sakamako, ta matso da kujera, ta sassauta murya: “Hajiya, ban da na asibiti, akwai abin da kike sha?” Matar ta yi jim, sannan ta kwance bakin mayafi, ga 'yan ƙwayoyi farare a ƙulle a leda.

“Kada ki bari lokaci guda, yana da haɗari. Mu je wurin likita ya rage miki sannu-sannu, sai mu sake gwajin.”