Tsuntsayen Wasulu: Waƙar da Ba Ta da Ubangida

A ƙasar Mali, in an ce mawaƙi, jeli ake fara tunawa, wato maroƙin gado. Gidajen Kuyate da Jabate sun gaji waƙa kaka da kakanni, suna riƙe da tarihin sarakuna da asalin zuri'a, suna wasa iyayen gidansu, su kuma suna yi musu alheri. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka ma Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa. Mawaƙin da ke da ubangida yana da inuwa, amma bakinsa na da linzami.

A kudancin Mali kuwa, inda ƙasar ta haɗu da Gini da Kodebuwa, akwai yankin Wasulu. Mutanensa asalinsu Fulani ne, shi ya sa za ka ji Sangare da Sidibe da Jakite da Jallo, ko da yake Fulatancin ya ɓace musu, sun koma harshen maƙwabta. Mawaƙan wannan yanki ba sa yarda a kira su jeli. Sunan da suka zaɓa wa kansu shi ne kono, ma'ana tsuntsu. Ba gado suka yi ba, kuma ba wanda ya ɗaure su a ƙofar gidansa. Galibinsu mata ne. A ganina, duk abin da mawaƙiyar Wasulu Umu Sangare ta zama, daga wannan suna ya taso.

Kayan kiɗan ma da nasu labarin. Mafarautan Wasulu suna da nasu abin kiɗa mai tsirkiya shida, donso ngoni, wanda ba kowa ke taɓa shi ba saboda asirin da ke tattare da farauta. Samari suka ƙera ƙaraminsa, suka ɗaure tsirkiyar ta yi tauri don amon ya tashi, suka sa masa kamale ngoni, gurmin samari. Ƙwarya ce a rufe da fata, da dogon wuya. Makaɗin yana fizgar tsirkiyar yana danne ta nan take, sai amon ya riƙa fita guntu-guntu kamar ana tsunkulinka. A gefe wani na goga ƙarfe da ƙarfe. 'Yan amshi kuma mata ne, kowacce riƙe da ƙwarya da aka jera wa wuri a baki, tana cilla ta sama tana cafewa daidai da kiɗa, wurin yana kaɗawa. Duk wanda ya taɓa zama wajen kiɗan amada ya ga mata sun kewaye ƙwarya, zai gane gidan da ya shigo.

An haifi Umu a Bamako a 1968. Mahaifiyarta, Aminata Jakite, mawaƙiyar biki da suna ce 'yar Wasulu. Umu tana ƙarama mahaifinta ya ƙara aure, ya tafi ya bar uwar da 'ya'ya. Yarinyar ta taso tana bin bukukuwa tana waƙa don a samu na cefane. Wanda bai san wannan ba, ba zai fahimci zafin da ke cikin muryarta ba.

A 1989, tana da shekara 21, ta je Abijan ta naɗi kaset ɗinta na farko, Moussolou, wato Mata. An sayar da fiye da 200,000, ban da na jabu da ba wanda ya ƙirga. Kumba Sidibe da Sali Sidibe da Nahawa Dumbiya sun riga ta buɗe hanya, amma ita ce ta fito fili ta yi maganar auren dole, da 'yancin budurwa ta zaɓi wanda take so, da soyayya yadda mace ke jin ta. Waƙar Diaraby Nene ta tayar da ƙura sosai. Kaset shi ya taimake ta, domin ba ya neman izinin kowa: ya shiga ɗakin amarya, ya shiga madafa, ya shiga motar haya. Kaset ɗin Ko Sira ya biyo baya a 1993, sannan Worotan a 1996. Ma'anar Worotan goro goma, abin da ake kaiwa wajen neman aure. Bahaushe ya san darajar goro a ɗaurin aure, don haka zai ji nauyin tambayar da ke ƙarƙashin sunan: bayan an raba goro an watse, wa ke tambayar halin da yarinyar take ciki?

Umu ba ta ɓoye adawarta da zaman kishi ba, kuma mai sauraro da dama a cikinmu ba zai bi ta har ƙarshen wannan magana ba. Amma abin da take nunawa da yatsa, wato namiji ya yi sabuwa ya watsar da uwargida da 'ya'yanta, zalunci ne da addini ma ya hana. Ta gan shi da idonta a ɗakin uwarta. Marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, ta taɓo irin waɗannan abubuwa da ƙwaryarta, ta kuma dage wa mata su kama sana'a.

Nan ne Umu ta fi burge ni. Ta gane cewa tsuntsuwar da ke cin gero a hannun wani ba ta daɗe tana kukan da ta ga dama. Sai ta zuba kuɗin waƙa a kasuwanci: ta gina otal a Bamako mai suna Wasulu, ta shiga noma da cinikin motoci, ta kafa bikin al'adu a garin Yanfolila, daga baya ta buɗe kamfanin fitar da waƙoƙinta, Oumsang. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiya a 2003. Ta kuma riƙe hannun na baya. Fatumata Jawara, wadda yanzu duniya ta sani, ta yi mata amshi kafin ta fitar da nata faifan a 2011 a World Circuit, kamfanin da ya kai muryar Umu Turai.

Ba duk aikinta na baya-bayan nan ya kwanta mini ba. A faifanta Mogoya na 2017, kayan kiɗan zamani sun ɗan danne kamale ngoni, ƙamshin ƙauye ya ragu. Timbuktu na 2022, da ta tsara a Amurka lokacin kullen korona, ya fi kusa da gida. Duk da haka ko a inda kiɗan ya sauya, maganar ba ta sauya ba.

Mai karatu, in za ka fara, fara da Moussolou. Ka saurare shi tare da mahaifiyarka ko yayarka, ka lura da fuskarta ko da ba ta jin Bambaranci.