Manhajar Adabin Ingilishi ta Babbar Sakandare da Ɗalibin Zangon Agege: Tarke a kan Abin da Ake Nema da Abin da Aka Tanada

1.0 Gabatarwa

Darasin adabin Ingilishi yana daga cikin darussan da suke yanke wa ɗalibin babbar sakandare makoma a Nijeriya, domin duk mai son karanta aikin lauya ko Ingilishi a jami'a sai ya sami kiredit a cikinsa, sannan kuma ya sake haɗuwa da shi a jarrabawar JAMB. Wannan maƙala za ta yi tarken manhajar darasin kamar yadda Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, ta tsara ta. Za mu dubi abin da manhajar take nema daga ɗalibi, sa'annan mu auna shi da abin da manufofin ilimi suka tanadar masa. Mun ɗauki ɗan Hausawan Agege da ke Legas a matsayin ma'auni, saboda a wurinsa ne ratar da ke tsakanin abubuwan biyu ta fi fitowa fili. Ra'ayinmu shi ne, abin da manhajar take nema daidai ne, kuma bai kamata a rage shi ba. Inda gizo yake saƙa shi ne, an tsara hanyar kaiwa gare shi kamar ɗalibin bai taɓa sanin wani adabi ba kafin ya shiga aji.

2.0 Abin da Manhaja Take Nema

Jarrabawar ta kasu zuwa takardu uku. Takarda ta ɗaya tana ɗauke da tambayoyin zaɓi guda 50: 20 a kan sanin adabi gaba ɗaya, 10 a kan wani zube da wata waƙa waɗanda ɗalibi bai taɓa gani ba, sauran 20 kuma a kan wasan kwaikwayon Shakespeare. Takarda ta biyu ta shafi ƙagaggun labarai na Afirka da na wajen Afirka. Ta uku ta haɗa wasan kwaikwayo da waƙa, inda ake amsa tambaya ɗaya daga kowane ɗayan sassa huɗu. Ke nan mafi ƙarancin abin da ɗalibi zai nazarta shi ne littattafai 5 da waƙoƙi 12.

Ana sauya jerin littattafan duk bayan shekara biyar. A zangon 2016 zuwa 2020 wasan Shakespeare shi ne Othello. A zangon 2021 zuwa 2025 aka koma A Midsummer Night's Dream, tare da Wuthering Heights na Emily Brontë da Invisible Man na Ralph Ellison da Second Class Citizen na Buchi Emecheta da The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, da sauransu. Jerin 2026 zuwa 2030 ya zo da Antony and Cleopatra da To Kill a Mockingbird na Harper Lee da An Inspector Calls na J. B. Priestley da kuma The Marriage of Anansewa na Efua Sutherland.

Abin da ake so ɗalibi ya yi da waɗannan ayyuka shi ne tarke, wato ya fito da jigo, ya bayyana halayen taurari, ya nuna yadda salo yake yi wa jigo hidima, ya kuma kafa hujja daga cikin matanin. Rahotannin manyan masu gyaran jarrabawa na WAEC sun daɗe suna kokawa da cewa ɗalibai da yawa ba sa karanta littattafan kansu, sun dogara ga 'yan littattafan taƙaitawa, kuma idan aka nemi sharhi sai su zuba labari daga farko zuwa ƙarshe. Wannan koke gaskiya ne, amma alamar ciwo ya nuna, bai faɗi sababinsa ba.

3.0 Ɗalibin da ke Gabanmu

Agege tsohuwar matattarar Hausawa ce. Fataucin goro ne ya fara tara su a can, sannan hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Legas ta isa Ibadan a 1901, ta kuma kai Kano shekaru goma bayan haka, ta ƙarfafa zaman, har unguwar Zango ta kafu da sarkinta da masallatanta da makarantunta. Yawancin yaran da ake magana a kansu a Legas aka haife su, wasu ma har iyayensu da kakanninsu.

Irin wannan yaro yana jin Hausa a gida, yana jin Yarbanci da Turancin buroka a titi da kasuwa, yana karanta Larabci a makarantar allo ko Islamiyya, sai kuma Ingilishi a aji. Garin kansa cibiyar ilimin Larabci ne, domin a nan ne Markaz ta Shehu Adamu Abdullahi al-Iluri take, wadda ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya mayar da ita Agege. Yaron da ya haddace waƙoƙin Islamiyya ya san amsa-amo da kari a kunnensa tun kafin ya ji sunayensu. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya san tauraro mai wayo da kwaɗayi. Wanda ya saurari Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos, ko ya ji habaicin mata a gidan biki, ya san kirari da zambo da maganar da bakinta daban cikinta daban. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da tambayoyi 20 na sanin adabi suke nema da sunayen Ingilishi. Jarin yana nan, sai dai manhaja ba ta tanadi ƙofar da zai shigo ta cikinta ba.

4.0 Inda Manufofi Suka Bar Shi

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta fara fitowa a 1977, ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a muhallinsa. Bugun 2004 ya sanya ɗaya daga manyan harsunan Nijeriya cikin darussan dole na babbar sakandare. Amma manhajar da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, wato NERDC, ta fara aiwatarwa a 2011 ta fitar da harsunan gida daga cikin darussan dole, ta mayar da su na zaɓi a rukunin fasaha. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar harshe wadda ta ce a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya sanar da soke ta, aka koma ga Ingilishi a dukkan matakai.

A Legas akwai ƙarin wani abu. Harshen muhalli a can Yarbanci ne, kuma dokar da Gwamna Akinwunmi Ambode ya sanya wa hannu a 2018 ta wajabta koyar da shi a makarantun jihar. Ba mu da ja da wannan doka, domin kowace al'umma tana da haƙƙin raya harshenta, kuma sanin Yarbanci riba ne ga ɗan Zango. Sai dai sakamakon haɗuwar waɗannan manufofi shi ne, takwaransa na Kano ko Zariya yana iya koyon jigo da salo da zubi da tsari a darasin Hausa, ta hanyar Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce, sannan ya ɗauki wannan sani ya shiga da shi ajin adabin Ingilishi. Shi kuwa ɗan Agege babu wata manufa da ta lamunce masa haka. Zai fara jin dabarun tarke ne da Ingilishi, a kan matanin Ingilishi, wani lokaci ma Ingilishin da aka rubuta shekaru 400 da suka wuce. An ɗora masa kaya biyu a lokaci guda: koyon dabarar da kuma koyon harshen da ake bayyana ta. Idan kayan suka yi nauyi, sai ya nemi sauƙi a littafin taƙaitawa, ya haddace, ya zuba. Daga nan ne koken masu gyaran jarrabawa ya samo asali.

Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu a Ingilishi ba. Darasin da ke ciki ya shafi adabi kai tsaye: abin da yaro ya fahimta da harshensa ba ya ɓacewa idan ya koma wani harshe.

5.0 Zaɓen Littattafai

Akwai abin dubawa a nauyin da aka ba Shakespeare. Tambayoyi 20 cikin 50 kashi 40 cikin ɗari ne na takarda ta ɗaya, kuma babu zaɓi a cikinsu. Antony and Cleopatra wasa ne mai fitowa sama da 40, yana kai da komowa tsakanin Rum da Masar, kuma yana bukatar sanin tarihin Rumawa. Ba mu ce a cire shi ba, amma irin wannan aiki yana bukatar share fage mai tsawo wanda ya kamata jadawalin koyarwa ya keɓe masa lokaci.

Haka kuma, a jerin 2016 zuwa 2020 da na 2021 zuwa 2025 babu ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo ko ɗaya daga marubucin Arewacin Nijeriya. Mun san WAEC hukuma ce ta ƙasashe biyar, Nijeriya da Ghana da Saliyo da Laberiya da Gambiya, kuma dole ta raba gurabe a tsakaninsu. Duk da haka, The Stillborn na Zaynab Alkali ya fito tun 1984, an kuma fassara Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa Ingilishi tun 1967. Shekaru goma ba tare da irin waɗannan ba suna koya wa ɗalibi cewa rayuwar gidansu ba abin rubutawa ba ce.

Amma adalci ne mu faɗi cewa jerin yana ɗauke da damar da ba a cika amfani da ita ba. Unexpected Joy at Dawn na Alex Agyei-Agyiri, wanda ke cikin jerin 2021 zuwa 2025, an gina shi ne a kan korar baƙi daga Ghana a 1969 da kuma korar da Nijeriya ta yi a 1983. Korar ta 1969 ta shafi Hausawan zangunan Ghana, don haka batun wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ba sabon abu ba ne a kunnen ɗan Zango. The Marriage of Anansewa kuwa, tauraronsa Ananse ɗan'uwan Gizo ne: ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'yarsa ɗaya, ya karɓi kyautarsu, da asiri ya kusa tonuwa sai ya sa ta yi mutuwar ƙarya. Malamin da ya fara da tambayar ɗalibai yadda Gizo yake kuɓuta daga tarkon da ya ɗana wa kansa ya riga ya koyar da rabin wasan.

6.0 Shawarwari

Na farko, a keɓe zangon farko na aji ɗaya na babbar sakandare ga dabarun tarke, a kuma ba malami izini a rubuce ya kafa misalai daga adabin bakan ɗalibansa, Hausa ne ko Yarbanci ko Ibo. Wannan bai saɓa wa koyarwa da Ingilishi ba, tun da da Ingilishi za a tattauna, da shi kuma za a rubuta amsa. Malamin da ba ya jin Hausa zai iya sa ɗalibai su kawo misalan da kansu.

Na biyu, a fitar da ɗan ƙaramin littafi na kalmomin adabi, Ingilishi da Hausa gefe da gefe, mai misalai. Aikin ba daga tushe za a fara shi ba. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito a 1990, kuma ayyukan Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun zaunar da kalmomi irin su kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da alamtarwa da kambamawa.

Na uku, a yi amfani da fassarorin da muke da su don share fage. Daren Sha Biyu na Ibrahim Yaro Yahaya, fassarar Twelfth Night, ya isa ya nuna wa ɗalibi yadda Shakespeare yake ƙulla zaren wasa kafin ya tunkari Ingilishinsa.

Na huɗu, makaranta ta sanya ƙa'ida cewa kowane ɗalibi ya riƙe cikakken matani, a karanta shi a aji da murya, kuma auna fahimta na yau da kullum ya dogara ga kafa hujja daga shafin littafi. Inda kuɗin littafi ya gagari iyaye, ƙungiyoyin Hausawan Agege da makarantun Islamiyya za su iya tara kwafi a wuri guda don aro.

Na biyar, wakilan Nijeriya a kwamitocin zaɓen littattafai na WAEC da NECO su tabbata an duba marubutan Arewa a zagaye mai zuwa.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa manhajar adabin Ingilishi tana neman ɗalibi mai iya tarke, kuma wannan buri ne da ya dace da matakin babbar sakandare. Mun kuma ga cewa manufofin harshe, na tarayya da na jiha, sun bar ɗan Hausawan Agege ba tare da tabbacin wani darasi da zai fara koyon tarken da harshensa ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Gyaran da muka kawo ba ya bukatar a sauya ko tambaya ɗaya a jarrabawa. Yana bukatar masu tsara manhaja su rubuta a cikin jagoran malami cewa adabin da yaro ya zo da shi daga gida shi ne matakin farko na darasin, su kuma tanadi kayan aikin da malami zai taka wannan mataki da su.