Ilimin Kalangu Yana Cikin Hammata

Mai kalangu da jikinsa duka yake kiɗa. Idan ya matse tsirkiyoyi da hammata sai fata ta yi tauri, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauka. Da wannan matsewa da saki kalangu ke kiran sunan mahauci a bikin Hausawan Zango a nan Kwatano, ya yi masa kirari har ya miƙe tsaye. Kaset ya adana mana sautin wannan aiki, amma bai adana kafaɗar da ta yi shi ba. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Muryoyinsu na nan a wayoyinmu, sai dai yaron da ke son ya san yadda makaɗan Shata ke juya gwiwar hannu, ko yadda yatsun Ɗan Maraya ke tafiya a kan kuntigi, ɗan bidiyo mai dishi-dishi kawai zai samu.

Shi ya sa nake maraba da na'urorin kama motsin jiki da suka fara shiga harkar kiɗa. Ana manna wa makaɗi 'yan ƙwallaye masu ƙyalli a gaɓoɓinsa, kyamarori su kewaye shi suna bin kowane ɗaya sau ɗari ko fiye a cikin daƙiƙa guda, kwamfuta ta fitar da siffar jikinsa tana motsi. Wani nau'in kuma ƙananan na'urori ne da ake ɗaurawa a hannu da ƙafa, irin wadda ke cikin waya tana gane an karkata ta. Da haka malami zai iya rage saurin motsin, ya juya shi ta kowace fuska, ya nuna wa ɗalibi daidai lokacin da hammata ta matse kafin bugu ya sauka.

Abin ya riga ya iso yankinmu. A cibiyar RITMO ta Jami'ar Oslo a Norway, masani Rainer Polak, wanda ya daɗe yana aiki da makaɗan jembe na Mali, ya jagoranci wani bincike mai suna DjembeDance kan yadda bugun ganga da takun 'yan rawa ke haɗuwa. Abin da kowane tsohon makaɗi ya sani, cewa idonsa na kan ƙafar mai rawa, yanzu ana iya aunawa a nuna shi. Idan jembe ya cancanci wannan kulawa, me zai hana kalangu, kotso, gurmi da kiɗan ƙwarya na su Barmani Choge?

Labarin Malam Mamane Barka na Nijar ya isa ya tashe mu. A 2002 ya tafi bakin Tafkin Cadi wurin Boukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe a kiɗan biram na Buduma, ya zauna a gabansa ya koya. Da bai je ba, da biram ya zama katakon da aka rataye a gidan tarihi. Shi ma Malam Barka ya rasu a 2018. Ilimin da ke zaune a hannun mutum ɗaya, rana ɗaya yake tafiya. Mu kuma mazauna unguwannin Zango da Vêdoko mun fi kowa sanin wannan, domin bukukuwanmu da yawa yanzu mai kwamfuta da lasifika ake ɗauka, 'ya'yan makaɗa kuwa sun kama kasuwanci a kasuwar Dantokpa.

Amma ina da sharuɗɗa biyu, kuma ba na wasa da su. Na farko, motsin na mai shi ne. A watan Mayun 2022 aka buɗe wasan ABBA Voyage a Landan, inda siffofin mawaƙan huɗu ke rawa a dandali alhali su suna gida. Kyamarori 160 ne suka ɗauki motsinsu na tsawon mako 5. Su da ransu suka yarda, kuma suna cin moriya. Makaɗanmu sun sha ganin ana kwafar kaset ɗinsu ana sayarwa ba su ga sisi ba. Kada a maimaita wannan da jikinsu. Kafin a manna wa dattijo ko ƙwallo ɗaya, a karanta masa yarjejeniya da Hausa, a biya shi, a rubuta cewa shi da magadansa ke da ikon cewa a yi ko a bari, kuma a ba shi kwafi.

Na biyu, a je inda kiɗan yake. Mai kalangun da aka shigar ɗakin bincike cikin matsattsun kaya, babu 'yan amshi, babu mai guɗa, babu mai liƙa masa kuɗi a goshi, ba zai yi kiɗan da ya saba ba. Babbar riga tana rufe ƙwallayen, kuma babu uwar da ke kiɗan ƙwarya da za ta yarda ta sa irin waɗancan kaya. A nan ne manhajoji irin su OpenPose, wadda Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka ta fitar a 2017, za su taimaka, domin suna gano gaɓoɓin mutum daga bidiyo kawai. Wayoyi biyu ko uku a kusurwoyin fili sun isa a fara.

Na'ura ba za ta maye gurbin zama a gaban gwani ba. Tarbiyya, kirari da sanin wanda ake kaɗa wa, a bakin ubangida ake samunsu. Amfanin na'ura shi ne ta riƙe wa ɗalibi abin da ido ba ya iya kamawa cikin sauri. Jami'ar Abomey-Calavi tana nan kusa da mu, Jami'ar Bayero tana Kano, cibiyar koyon kiɗa ta Elhadji Taya tana Yamai. Matasanmu da ke karatun kwamfuta su nemi izinin sarkin makaɗa na unguwarsu, su fara da dattijon da ya fi kowa shekaru, tun yana da ƙarfin rataya kalangu.