Tarihin Ikilisiyar Ƙauye: Nazari a Kan Wani Ɗan Littafin Jubili na Baptist

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan ya zama al'ada ga ƙananan ikilisiyoyin karkara, musamman a kudancin Jihar Kaduna da Filato da Neja, idan sun cika shekara hamsin da kafuwa, su naɗa kwamiti ya rubuta musu tarihi, a buga a raba ranar biki. Ɗaya daga cikin irin waɗannan littattafai ya zo hannuna ta hanyar wani tsohon abokin aikina, ɗan wata ikilisiyar Baptist ta ƙauye a kudancin Kaduna, wanda ya roƙe ni in duba in faɗi ra'ayina. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba, domin abin da na gani a littafinsu na gan shi a wasu da dama. Manufar wannan maƙala ita ce a auna littafin da ma'aunin tarihi, a ga abin da ya kama da abin da ya kuɓuce masa, ko malaman makaranta da dattawa, waɗanda su ake ɗora wa irin wannan aiki, za su amfana.

Abin da Littafin Ya Ƙunsa

Littafin ya buɗe da saƙonnin fatan alheri daga manyan baƙi, sai babi a kan zuwan Baptist Nijeriya, sai jerin sunayen fastocin da suka yi aiki a ƙauyen, sai hotunan gine-gine, aka rufe da sunayen waɗanda suka ba da gudummawar biki. Yabon gwani ya zama dole. An rubuta shi da Hausa mai sauƙi, irin wadda ake wa'azi da ita. An kuma adana hoton tsohuwar majami'ar laka mai jinkar ciyawa kafin a rushe ta, wanda shi kaɗai ya isa a gode wa kwamitin. Sai dai wanda ya karanta daga bango zuwa bango zai san Baptist, amma ba zai san ƙauyen ba. Nan ne gizo ke saƙar.

Doguwar Shimfiɗa, Gajeriyar Tabarma

Kusan rabin abin da aka kira tarihi ya tafi ne a kan Thomas Jefferson Bowen, ɗan mishan daga Amurka wanda ya sauka Badagry a 1850. Gaskiya ne da shi aikin Baptist ya fara a wannan ƙasa. Amma Bowen a ƙasar Yarbawa ya zauna, a Abeokuta da Ijaye da Ogbomosho. Ya kai Ilori a 1855 da burin ya wuce arewa, ba a ba shi izinin zama ba, ya kuma bar ƙasar a 1856. Ke nan tsakaninsa da wannan ƙauye akwai tazarar kusan shekara ɗari, kuma littafin ya tsallake ta da layi biyu.

Abin da aka tsallake shi ne ainihin labarin. Ba Turawa ne suka fara kawo Baptist Arewa ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautun Musulmi, sannan mishan ɗin Baptist na Amurka bai ba Arewa ƙarfi ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Waɗanda suka riga su su ne fatake da akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa Yarbawa, da yawansu 'yan Ogbomosho, da suka biyo layin dogo bayan ya isa Kano a 1911. Suka zauna a Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya da Jos, daga baya Kafanchan, bayan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a shekarun 1920. Duk inda suka yada zango sai su tara junansu ranar Lahadi, su yi sujada da Yarbanci. Ita kanta ƙungiyar da ta haɗa ikilisiyoyin, da aka kafa ta a 1914 sunan Yarbawa ta ɗauka, sai a 1919 aka mayar da ita ta Nijeriya baki ɗaya.

To, yaya aka yi addinin da ake yi da Yarbanci a bakin tasha ya shiga ƙauyen manoma masu nasu harshe? Wannan ita ce tambayar da ya kamata littafin ya amsa. Amsar tana wurin Hausa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma makarantar horar da fastoci ta Baptist da ke Kawo, Kaduna, da Hausa ta riƙa koyarwa. Daga nan ne masu bishara 'yan ƙasa suka fito, suka shiga ƙauyuka a ƙafa da kan keke. Hausa, wadda ba harshen uwa ba ce ga mai wa'azi ko ga mai sauraro, ita ta zama gada. Haka kuma littafin bai ambaci cewa mishan ɗin Sudan Interior, wanda ya haifi ECWA a 1954, ya riga Baptist kafuwa a wannan yanki ba. Me ya sa mutanen wannan ƙauye suka bi Baptist alhali maƙwabtansu na ECWA ne? Littafin ya yi shiru.

Matsalar Shekarar Kafuwa

Aibu na biyu ya shafi lissafi. A bango an rubuta shekara guda a matsayin ta kafuwa, amma a ciki an nuna wani dattijo da aka yi wa baftisma shekaru kafin wannan. Wannan ba kuskuren maɗaba'a ba ne, rashin tantancewa ne. A tsarin Baptist ikilisiya tana da mafari uku. Akwai ranar da aka fara taruwa a gindin bishiya ko a zauren wani. Akwai ranar baftisma ta farko. Akwai kuma ranar da tashar wa'azi ta rabu da uwar ikilisiya ta zama mai cin gashin kanta. Tsakanin na farko da na uku ana iya samun shekara goma ko fiye. Wajibi ne marubuci ya bayyana wanne ya ɗauka, ya kuma faɗi dalili.

A kula kuma, 'yan Baptist ba sa yi wa jarirai baftisma. Sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nitsar da shi cikin ruwa. Saboda haka rajistar baftisma ba ta nuna ranar haihuwa, tana nuna ranar da baligi ya yanke shawarar da wataƙila ta raba shi da dodon gidansu, ko da gadon gona, ko da matar da aka yi masa alkawari. Kowane suna a shafin farko na wannan rajista labari ne. Kwamitin ya ƙirga sunayen, bai bi ko ɗaya gida ba. Ko rafin da aka yi baftismar farko ba a faɗi sunansa ba.

Tarihin Fastoci ko Tarihin Jama'a?

Na uku, an mayar da tarihin ikilisiya jerin fastoci, tamkar yadda muke mayar da tarihin gari jerin sarakuna. Ga Baptist kuwa wannan ya fi zama kuskure, domin ba su da bishof. Taron membobi shi ke kiran fasto, shi ke yanke albashinsa, shi ke hukunta mai laifi, shi ke sallama. Fasto baƙo ne, yakan zo ya tafi. Waɗanda suka riƙe wurin su ne manoman da suka yi gayya suka kwaɓa ƙasa, suka noma gonar ikilisiya, suka biya mai bishara da damman dawa a shekarar da ba kuɗi.

Mata kuwa sun sami hoto guda, suna sanye da anko, ba suna ko ɗaya a ƙasa. Duk wanda ya zauna a waɗannan ƙauyuka ya san zumuntar mata ita ce ƙashin bayan majami'a. Su suka ɗebo ruwan gini, su ke duba mai jego da mara lafiya, su suka ɗora waƙoƙin sujada a kan karin gargajiya da tulu da caki. Haka nan ajin yaƙi da jahilci da aka yi a cikin majami'ar, inda iyayen malamai da ma'aikatan ƙauyen na yau suka fara sanin baƙi da wasali tun kafin shirin ilmin firamare kyauta na 1976, bai sami ko sakin layi ba.

Abin da Aka Ƙi Faɗa

Na huɗu, littafin ya yi wa tarihi kwalliya. Ba a faɗi wanda ya ba da filin ba, alhali a ƙauyuka da dama mai unguwa ne wanda bai taɓa shiga majami'a ba, mai bin gargajiya ko Musulmi. Ba a ambaci Fulanin da ke sayar da nono a bakin majami'a ba, ko 'yan kasuwar Hausawa da ake kai wa tuwon Kirsimeti, su ma su kawo naman layya. Ba a kuma ambaci ranakun baƙin ciki ba: rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da yadda suka taɓa zaman tare. Na fahimci cewa littafin biki ba wurin tonon silili ba ne. Amma yaron da ya tashi bai san kakansa ya sami fili daga hannun maƙwabci ba, zai ɗauka gaba aka gada. Ɓoye alheri da ɓoye rauni duk cin amanar tarihi ne.

Kammalawa

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ake bukata yana kusa: littafin rubuta bayanan taron membobi, rajistar baftisma da ta aure, littafin baiko, takardun komawa wata ikilisiya, sannan bakin tsofaffi maza da mata, har da waɗanda ba Kirista ba. Domin shimfiɗa, littafin E. P. T. Crampton na 1975 a kan Kiristanci a Arewacin Nijeriya zai taimaka, haka ma rahotannin gundumomi da ke Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa a Kaduna.

Sai dai lokaci ba ya jira. Gara tana cin takardu a akwatin sakatare, tsofaffin da suka ga majami'ar jinka suna ƙarewa. Ga kuma rashin tsaro: sace ɗalibai fiye da 100 na makarantar Bethel Baptist a Ƙaramar Hukumar Chikun a watan Yuli na 2021 ya nuna irin halin da yankin ya shiga, ƙauyuka da dama kuma sun tashi, wanda ke gudun ceton rai ba ya ɗaukar rajista. Ina kira ga malamai su ɗauki hoton kowane shafi da wayar hannu, su ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, su tura ɗalibai su naɗi muryar kakanninsu. Abokina ya karɓi waɗannan gyare-gyare da hannu biyu, ya ce akwai tsohuwa guda da ta rage cikin waɗanda aka fara nitsarwa a rafi. Na ce masa ya bar komai ya je wurinta gobe da safe.